Link ɗina ya buɗe takardar wata

Salama gare ku 'ya'yana. Ni ban yi boko ba, murya na aiko wa admin ya rubuta, kuma na gargaɗe shi kada sunana ya fito. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani ƙullutu ne ya fito mini a nono, na taso daga Manchok na je wani lab a Kafanchan, suka ɗebi abin da za su ɗiba, suka ce sakamako zai zo ta link a waya. Ba wanda na gaya wa sai matar ɗana, malamar makaranta ce, bakinta na da nauyi. Da saƙon ya shigo ta danna, ta ce Mama wannan ba sunanki ba ne. Sunan wata ce da muke Zumuntar Mata tare a cocinmu, benci ɗaya muke zama a sujada, kuma abin da aka rubuta mata ba mai daɗin ji ba ne.

Muka koma lab na yi musu tas. Mai kula da kwamfutarsu ya ce wai don shafi ya riƙa buɗewa da sauri, injin yakan ajiye wanda aka fara buɗewa, kamar tuwo a kula, kowa ya zo a miƙa masa, bai duba lambar da ke wutsiyar link ɗin ba. Na ce to nawa tuwon wa aka miƙa wa? Ya ce sun gyara, amma ba zai iya rantsewa cewa ba wanda ya ga nawa ba. Takardata kuma sai Litinin, a hannun likita.

Ni da nake tsawata wa matan zumunta kan gulma shekara da shekaru, yau asirin wata na cikina, nawa kuma ban san inda ya kwana ba. Jiya a kasuwa matar nan mai takardar ta riƙe hannuna ta daɗe, ta ce Mama Ubangiji ya ba da sauƙi. Ban taɓa ce mata ba ni da lafiya ba.

Jama'a, in same ta in faɗa mata abin da na gani, in tambaye ta abin da ta gani? Ko in kama bakina har Litinin? Gobe Lahadi, kusa da ita zan zauna.