Taku Shida na Bayan Ɗakin Sanyi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Muhammadu Lawan mai ƙanƙara, na unguwar Bolewa a Potiskum, nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya gajarta, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni faɗa. Ku kuka sa ni, 'ya'yana Safiyanu da Ikrama.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba, ban isa in sa baki ba. Liman zai ba ku naku, ya ba ƙanwarku Fanne nata. Roƙona dai kada a sayar da ɗakin sanyi. Shekara ashirin da biyu shi ke ciyar da gidan nan, kuma a cikinsa mahauta da masu kifi ke ba mu amanar kayansu.

Na biyu, katangar nan. Wata uku na yi a gadon asibiti, na dawo na tarar kun raba filin baya da bulo, wai kowa ya san iyakarsa. Da raina! To, ku yi ta rigimarku, amma ina hankalinku ya tafi da kuka dasa ta dab da bakin kwandensa? Tun kuna ƙanana nake gaya muku, injin nan ba sanyi yake ƙerawa ba, zafi yake kwasowa daga ciki, kwandensa ta zubar da shi waje. Yanzu fanka ta huro zafi, katanga ta maido mata, ta sake shaƙa. A Afrilun Potiskum! Da idona na ga allurar gejin matsin gas ta haura ja. Wallahi ranar na yi baƙin cikin da ciwo bai sa ni ba.

Na uku. Ikrama, da injin ya fara tsayawa da kansa, sai ka ɗaure makunnin da ke kashe shi in matsin gas ya yi yawa, ka haɗe shi da guntun waya. Kai ga gwani! Mara lafiya na nishi ka toshe masa baki. Ka kwance wayar nan yau. In kwamfuresa, zuciyar injin, ta ƙone, naman mutane zai ruɓe a hannunku, kuma mahauci ba ya ba da amana sau biyu.

Na huɗu. Safiyanu, kai kuma ka daina kwarara wa kwandensa ruwan burtsatse da rana tsaka. Yana sauke zafin na ɗan lokaci, na sani, amma gishirinsa na daskarewa ya toshe ramukan iska. Buroshi mai laushi duk Juma'a ya wadatar. In sanyi ya kankama ku kashe fanka ɗaya, don matsin ma in ya faɗi da yawa injin ba ya aiki daidai. Fanne ta fi ku karanta geji, ku ajiye girman kai ku tambaye ta.

Na biyar. Shari'a ta bar mini sulusi, ga abin da na yi da shi. Taku shida daga bakin kwandensa, tun daga titi har lungun masallaci, na mai da shi wakafi, hanyar jama'a. Liman da mai unguwa sun shaida. Ba na Safiyanu ba ne, ba na Ikrama ba ne, ba mai ɗora ko bulo ɗaya a kai. Abin da kuka ɓata zumunci saboda shi ya fita daga hannunku duka.

Allah ya yi muku albarka, ya shirye ku, ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku jin magana. Ku riƙe Fanne, ku koma cin tuwo a kwano ɗaya. Na yafe muku duk abin da kuka taɓa yi mini, ban da katangar nan. Ita sai ranar da kuka rushe ta da hannuwanku, ku biyu. Ku yi sauri, likita bai ba ni kwanaki da yawa ba.