Wa Zai Goya Mama Zuwa Asibiti

Mo Cay, lardin Ben Tre,
Tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanena Khoi,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri daga yayarka Diem. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can Nagoya. Mai Sama ya tsare ka daga kaifin injinan masana'anta da gajiyar tsayuwa, kakanninmu kuma su sa maka ido duk inda ka sa ƙafa. Kullum Mama ta kunna turaren safe, sunanka take fara ambata, har nakan ce mata mu da muke gabanta ai ba 'ya'ya ba ne, 'yan aiki ne kawai.

Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, kwakwa ta yi kyau bana, surukinka Luan, maigidana, yana ta jigilarta a jirgin ruwa, sai ya kwana biyu ban ga ƙeyarsa ba. 'Yata Nhan ta zubar da haƙoran gaba, ta ce kada ka kira ta bidiyo sai sun fito. Mama tana nan da wankin ƙodarta, likita ya ce jikin da sauƙi, sai dai har yanzu da na juya baya take tsoma cokali a romon kifi mai gishiri, in na kama ta kuma ta ce ɗanɗana mana take yi.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne ni da kai ba mu iya magana a waya ba: kai ka ɗaga murya, ni in ɗaga fiye da taka, a tashi ba a ce komai ba. Takarda kuwa ba ka da halin katse ta. Maganar Baba ce. Shekara guda ke nan rabonka da yi masa magana. Kana kiran Mama, amma da ka ji tarinsa a tsakar gida sai ka ce lokacin aiki ya yi. Kana tsammanin bai lura ba? Ya lura. Yanzu da ya ji wayarka ta shigo, da kansa yake ɗaukar adda ya nufi bayan gida, wai zai duba ayaba.

Abin da ka sani shi ne 'yan sanda sun kama Baba da giya a numfashinsa, ga Mama a bayan babur. Wannan gaskiya ne, ba zan yi maka ado ba. Amma duk lokacin da na fara ba ka labarin daga tushe sai ka tare ni, to yau ka saurara. Ranar tunawa da rasuwar Kaka ce, bara. Mun yi girki tun asuba, agwagwa da kifin tukunyar ƙasa da shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba, aka jera a teburin kakanni tare da ƙananan kofunan giyar shinkafa kamar kowace shekara. Da turare ya cinye aka sauko da komai don a raba albarka. Ka san kofin farko na babban ɗa ne, kuma ka san Baba ba mashayi ba ne, ko a biki shayi yake riƙewa ana yi masa dariya. Amma kofin da ya sauko daga gaban Kaka, wannan a wurinsa ba shan giya ba ne, karɓar abin da mahaifinsa ya rage masa ne. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Sai ƙaninsa Baffa Sau ya miƙo na biyu, wai: “Haba Yaya, ka sha na tsoho ka bar na tsohuwa? So kake ta zo mana a mafarki da muciya?” Kowa ya yi dariya, Baba ma ya yi, ya sha na biyun. Bai ko ci abinci ba, domin ranar ta faɗo a ranar wankin Mama, kuma lokaci ya kusa.

Ina wanke kwanoni na ji tashin babur. Ko a raina ban kawo komai ba, haka duk mutanen da suka cika gidan, har da waɗanda yanzu suke cewa su dama sun faɗa. A bakin babbar hanya suka tarar da shinge. Ɗan sandan matashi ne mai ladabi, ya sara masa ya ce, “Baba, an ɗan taɓa wani abu yau?” Baba ya ce a'a, shi ba ya sha. Kuma ba ƙarya ya yi niyya ba, Khoi, har zuciyarsa haka ya ɗauka. Aka miƙa masa na'urar nan ya hura, ta nuna. Mama ta ce ya tsaya yana kallon abin kamar an nuna masa hoton wani. Da ya tuna, sai ya shiga yi wa ɗan sandan bayani cewa ai na teburin kakanni ne. Ɗan sandan ya ce ya gane, su ma a gidansu haka ake yi, amma doka ba ta tambayar daga wane tebur kofi ya sauko, ko ɗigo ne an hana mai tuƙi. Shi ya kira ni da wayar Baba, ya samo wa Mama kujera a inuwa har na iso na wuce da ita asibiti.

Washegari na raka shi ofishinsu. A nan aka yi mana bayanin abin dalla-dalla: hukuncin hawa-hawa ne gwargwadon abin da na'ura ta nuna, wanda ya ƙi hurawa kuma ana ɗora shi a matakin ƙoli, wanda aka samu da ƙwaya a jininsa nasa ya fi na kowa nauyi, in kuwa an ji wa wani rauni ko an yi kisa, to maganar ta bar hannunsu ta koma kotu da kurkuku. Na Baba shi ne mafi sauƙi, amma mai sauƙin ma tara ce, da riƙe babur na mako guda, da karɓe lasisi na shekara guda. Baffa Sau ya biyo mu da sabuwar riga, wai ya san wani babba a ciki, ya shiga yana wani buɗa kafaɗa. Bai daɗe ba ya fito yana goge gumi, ya ce ashe an yi wa mutumin canjin wurin aiki. A hanya ya dinga cewa da Yaya ya sha ruwan lemon tsami ko ya tauna ganyen gwaba da na'urar ba ta gani ba. Da muka dawo Mama ta ce masa: “Sau, kai da ka san maganin na'ura, ka nemo mana maganin bakinka mana.” Tun ranar bai sake tayar da zancen ba.

Ranar da muka je karɓo babur, a filin da ake ajiye su akwai wasu da suka murƙushe har ba ka gane gaba da baya. Mai gadin wurin ya nuna ɗaya ya ce babbar mota ce ta bi ta kansa, direban ya sha ƙwayar hana barci. Baba ya daɗe a tsaye yana kallo. Luan ne ya tuƙo babur ɗin zuwa gida. A yammacin nan ne ka kira, ka ce masa abin da ka ce. Ina kusa, na ji da kunnena: wai da ya kashe mana uwa, wai a sayar da babur ɗin, tsufa ya zo. Ya ajiye wayar, ya tura babur ƙarƙashin rumfa ya lulluɓe shi da tabarma, yana nan a wurin har yau.

Na ji haushinka sosai a lokacin, kuma na faɗa maka. Amma yau zan ba ka gaskiyarka. Bayan wata biyu Mama ta gaya mini wani abu a asibiti, ta ce kada in faɗa wa kowa, ga shi kuwa ina faɗa maka. Ta ce a kan 'yar gadar nan ta bayan makaranta, kafin su kai shinge, babur ya ɗan yi tangal-tangal, abin da bai taɓa yi ba tun da take hawa bayansa. Ta ce ta ji, shi ma ya ji, kuma kowannensu ya san ɗayan ya ji. Saboda haka ba sharri aka yi masa ba, kuma tsoronka ba na banza ba ne. Shi da kansa, duk wanda ya zo jaje ya fara zagin dokar, sai ya ce a bar zancen, yaran nan aikinsu suka yi, kuma ya gode da aka tsayar da shi a inda aka tsayar da shi. Bana da ranar Kaka ta zagayo, ya karɓi kofin da hannu biyu, ya ɗaga shi zuwa goshi, ya nemi afuwar tsoho a hankali, ya mayar kan tebur. Dattawa suka yi ta kallon juna.

Tun daga lokacin ni nake kai Mama. Kada ka tambaye ni abin da nake sha. Wai ina tuƙi kamar buhun kwakwa na ɗauko, wai na haddace ramukan hanya ne don in faɗa cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Ashe Baba ya san kowane rami, ya san gefen da zai karkata don kada hannun da ake sa mata allura ya bugu. In an gama wankin jiri take ji, shi kuwa yakan ɗaura ta a bayansa da gyalensa mai zanen dara, ta kwantar da kai ta yi barci har gida. Na gwada ɗaurin nan, ta ce in kwance ta, bayana duk ƙashi ne. A bayana ba ta barci, riƙe ƙarfen babur take yi, ido buɗe.

Shi kuma ka san abin da yake yi? Ya gyara tsohon kekenka na makaranta. Duk ranar wanki yakan riga mu fita, ya taka keken nan har asibiti, ko ana ruwa. In mun iso sai mu tarar da shi a bakin ƙofa da bargonta da butar shayi, rigarsa sharkaf. Masu jinya har sun saba, suna tsokanar Mama wai saurayinta ya iso. Ita kuma ta harare shi ta ce, “Tsohon nan, so kake ka faɗi a hanya a ce ni na kashe ka?” Sai ya yi murmushi ya gyara mata matashi. In an tashi, mu wuce shi a hanya yana takawa, Mama ta dinga waiwaye har mu sha kwana. Ni dai wannan waiwayen ne yake karya mini zuciya, sau da yawa da hawaye nake ƙarasa tuƙin.

Yanzu ga inda maganar take. Ina da ciki, Khoi, ya shiga wata na shida. Na so in yi maka albishir cikin daɗi, ga shi ya zo a tsakiyar wannan zance. Ungozoma ta ce in daina doguwar tafiya a babur, balle da goyo, Luan kuma rabin mako yana kan ruwa. Wata mai kamawa za a mayar wa Baba lasisinsa. Na ɗauka shi ke nan an huta, sai na same shi yana fere kwakwa na yi masa zancen, na ce a cire tabarma a kai babur wurin bakanike. Ya ce a'a, a nemi ɗan acaɓa. Mama daga ɗaki ta ce ita ba za ta rungumi bayan ƙaton da ba ta sani ba da tsufanta, gara ta fasa wankin. Ka san ta, in ta faɗa tana iya aikatawa, kuma ka san abin da fashi ɗaya yake yi mata.

Na zauna na yi ta lallashinsa, na ce hukuma ta hukunta, hukuma ta yafe, me ya rage? Can ya ce mini, gwamnati takardarta ta karɓa kuma za ta mayar, wannan bai dame shi ba. Ya ce amma wanda ya sauke Mama daga bayansa ba ɗan sanda ba ne, Khoi ne, kuma yaron yana da gaskiya, uwarsa ce. Ya ce ba zai sake goya ta ba sai wanda ya sauke ta ya ce ya goya. Yana faɗa yana ci gaba da fere kwakwarsa, bai ɗago ya dube ni ba.

Ban ce ka ba shi haƙuri ba, shi ma ba ya jiran wannan, kuma na san girman kanku iri ɗaya ne, a wurinsa ka gado. Ban ce ka manta da tsoron da ka ji kana can nesa ba ka iya yin komai ba. Na san daga ƙauna zafin nan ya fito. Amma mutumin nan ya biya abin da doka ta ɗora masa, ya ƙara da wanda ya ɗora wa kansa, kuma Mama ce take shan wahalar abin da ya rage.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage cin taliyar leda. Luan da Nhan suna gaisuwa, haka Goggo Muoi, wadda gwiwa ta hana ta zuwa kasuwa amma ba ta hana ta jin labarin kowa ba. Baffa Sau ya ce a gaishe da Bajapane. Baba bai ce a gaishe ka ba, tambayata kawai ya yi ko adireshin naka bai canza ba, sannan ya ce shi zai kai takardar gidan waya a keke.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan isowar takardar nan, ka kira bayan abincin rana. Zan ɓoye addar, in miƙa masa wayar da hannuna. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ka ce masa kawai, “Baba, ka kai Mama asibiti.” Sauran ka bar mini.

Taka har kullum,
Yayarka Diem.