Shirun Ɗakin Baya

Tirwun, Bauchi
6 ga Maris

Zuwa ga matata Agnes,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Patience da ƙaninta. Yaya gwiwar Mama? Ni lafiya lau nake, sai dai abinci ba ya shiga sosai. Na ba Jesse direba wannan takarda ya kawo miki in ya sauke tumatirinsa, domin a waya rikicewa nake yi, in kashe ban faɗi abin da ya sa na kira ba.

Kin tambayi aikin. Gonar awakin madara ce, ana tatsa ana yin yogot. Mai ita wata Hajiya ce a GRA, sau ɗaya na taɓa ganinta. Manajanmu, Mista Prosper, ya ba ni littafi da sikeli, ya ce in riƙa rubuta nauyin kowane ɗan akuya da halin da yake ciki. Kin san ni da rubutu. Na ja layi da rula, kowa da shafinsa.

Ga yadda ake yi. In akuya ta haihu, kwana uku ake bar mata ɗanta, sai a cire shi a huda kunnensa a sa lamba, tunda nononta na sayarwa ne. Su kuma ana dama musu madarar gari a bokiti mai kawunan nono na roba. Da na zo, shingen waya ne kawai ya raba ƙananan da iyayensu. Kuka ba hutu, uwa na kira ɗa na amsawa, wasu har suna yanke baki a jikin wayar. Ni na ce wa manaja a mai da su ɗakin baya, inda ba za su ji juna ba. Ya yaba mini, ya ce ashe sakandaren da na yi ba ta tafi a banza ba. Aka kwashe su, su talatin da takwas. A rana ta huɗu kukan ya ɗauke. Na ɗauki jan biro na rubuta, “Sun natsu.”

Amma Agnes, ɗakin nan yana tayar mini da zuciya. Rufin kwano ne da taga ɗaya. An jera katako da tazara don kashi ya riƙa faɗawa ƙasa, kuma ba mai kwashe ƙasan. Zarni har hawaye yake sa ni. Na leƙa ta tsakanin katakon na ga tsutsotsi suna motsi. Ƙananan suna tsotsar kunnuwan juna da cibiya har gashi ya zube, wurin ya yi ja. Akwai wata ’yar ja mai lamba 41, in na zo auna ta sai ta kama yatsana tana tsotsa, idonta a bango. Sau uku nake wanke hannu, amma in na kai loma baki sai in ji warin.

Wataƙila hancina ne bai saba ba. Manaja ya yi kwas, ni ban yi ba. Ke da kika tashi cikin awaki, me kika gani?

Ki gaida Mama da yara.
Mijinki,
Istifanus

20 ga Maris

Agnes tawa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan zazzaɓin Patience ya sauka. Amsarki ta iso. Kin ce a gidanku in ɗan akuya ya daina kiran uwarsa, Baba wuƙa yake nema tun kafin ya zama mushe. Na ji haushinki kwana guda, ba zan ɓoye ba. Daga nan na zauna na bi littafina shafi-shafi.

Lokacin da suke kuka a jikin waya, kowa nauyinsa hawa yake yi. Tun da suka yi shiru, ashirin da ɗaya sun tsaya ko sun ragu, biyar sun mutu. Duk da hannuna na rubuta, amma ban taɓa jera su wuri ɗaya na duba ba. Na ce ko sikelin ne ya lalace. Na sayo sukari kilo ɗaya na ɗora sau uku. Sikelin lafiyarsa ƙalau.

Ranar Talata aka ƙona musu tsiron ƙaho da ƙarfe mai zafi, wai don kada su ji wa juna ciwo in sun girma. Ni nake matse su tsakanin gwiwoyina. Ƙaurin gashi da fata ya kama rigata, har yau tana rataye a waje. Da yawansu baki kawai suke buɗewa, ba abin da ke fita. Manaja ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce, “Ka gani, Malam Akawu? Maganinka ya yi, ko gardama ba sa yi.” Modibbo, dattijon da ke kula da iyayen, yana tsaye a ƙofa da azumi a bakinsa. Ya tofar da yawu ya ce, “Wannan ma ka sa da jan biro.” Ban iya kallonsa ba.

Jiya da rana manaja ya shiga gari, sai na ɗauki 41 na kai ta wurin uwarta. Modibbo ya nuna mini ita, hantsarta cike tam. Na ajiye ’yar a gabanta. Uwar ta shinshina kan ’yar, ta shinshina bayanta, sai ta ja da baya ta tunkuye ta har ta bugu da kwamin ruwa. Na sake gwadawa, ta sake. Modibbo ya ce in bari, warin bokiti da zawo take ji, ba ta san ta ba. ’Yar ta tashi ta tako wurina ta kama yatsana. Ƙyamar da na ji a lokacin ta kaina ce.

Bayan Ista Hajiya za ta zo duba inda za a gina ɗaki na biyu irin wannan, domin awaki ashirin da biyu sun kusa haihuwa. Manaja ya riga ya naɗe kusurwar shafin da na rubuta sun natsu, shi zai nuna mata. In na yi magana, ƙila in dawo miki da jakata. In na yi shiru, rubutuna ne zai gina ɗakin. Ki sa ni a addu’a.

Naki kullum,
Istifanus

4 ga Afrilu

Maman Patience,

Barka da Ista, ko da ta wuce. Ina fata kun yi ta lafiya. Ki ba Mama haƙuri ban zo ba.

Hajiya ta zo shekaranjiya. Na tsara dalilai uku a takarda na haddace, da ta tsaya gabana duk suka gudu. Manaja ya buɗe mata shafin jan biro. Na juya zuwa bayan littafin, inda na jera nauyin da waɗanda suka mutu, yanzu bakwai, na ɗora yatsa a kai. Manaja ya ce zafin gari ne. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, “Ranki ya daɗe, a shiga a gani.”

Ta shiga da mayafi a hanci. Takalminta ya zame a kan zawo, ƙananan suka taso suna tsotsar bakin zanenta, ba wanda ya yi ƙara. Ba ta cika minti ɗaya ba ta fito ta jingina da bishiyar dogon yaro tana kakari. Da ta dawo daidai ta ce ba za a gina ɗakin ba, kuma waɗanda za a haifa a riƙa barinsu da iyayensu daga yamma zuwa safiya. Na cikin ɗakin kuwa suna nan, tunda iyayen ba za su karɓe su ba. Ban sani ba ko yamma zuwa safiya ya isa. Na taɓa tabbata da abu a gonar nan, kin ga inda ya kai mu.

Ba a kore ni ba. Manaja ya karɓe littafin ya ba ni shebur, ya ce tunda ina da hanci in je in kwashe ƙasan katako. Baro goma sha ɗaya na fitar jiya, na yi amai sau biyu. Na sayi ƙaramin littafi nawa, ina rubutawa a ɗaki.

41 ta daina shan bokiti. Manaja ya ce a kai ta ramin da ake jefa mushe, na roƙa ya bar mini. Tana cikin kwalin da Jesse zai miƙa miki tare da wannan takarda, na huda shi don iska. Kin ce baƙar akuyarki ta yi ɓari, kuma kin san yadda ake shafa wa baƙon ɗa nonon uwa da gishiri har ta lashe shi. Ki gwada. Kada ki ba ta yatsa ko ta nema.

In ta yi kuka, kada kowa ya hana ta. Ki kira ni ki kara mata wayar.

Ubangiji ya tsare ku.
Mijinki,
Istifanus