An Tsallake Sunan Baba

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da damun ki. Ya jiki, ya Malam da yara?

Raina a ɓace yake. An yi taron zuriyarmu nan Riyad, dangi har daga Sudan da Nijar. Kawu Sale ya tashi jero salsala, sai ya tsallake Baba. Na ce, "Kawu, an manta Malam Isa." Ya ce, "Ai mata kaɗai ya bari, reshensa ya ƙare." A gabana, Yaya! Mu mun mutu ne?

In muka yi shiru, jikokinmu ba za su san sunansa ba. Ki gaida Inna, a yi mana addu'a. Don Allah ki amsa min da wuri: ke za ki tunkari Kawu, ko ni?

Ƙanwarki,
Hadiza