Sifana a Aljihu

Litinin, 4 ga Maris
Ma'aunin wurin ba da jini ya lalace. Wai nauyina ya gaza, ba za su ɗebi ruwan jinina ba. Ni! Tun shekarar da ƙanena ya ƙone, ruwan jinin wani bawan Allah ya tashe shi, nake zama a kujerar nan ta bakin taga, inji yana tace ruwan ɗorawar yana mayar min da jan. Nas ɗin da ta koro ni, Sarkin Allura nake ce mata, lokacin ko haihuwarta ba a yi ba. "Baba, ka je likita ya duba ka." Na ce ta fara duba ma'auninta.

Alhamis, 7 ga Maris
Na ƙara huda a bel ɗina. Fatar ce ta saki.

Asabar, 9 ga Maris
'Yata ta kawo min abinci gareji, ta tsaya a kaina kamar mai gadi. Da ƙyar na taɓa. Wai tun yaushe nake haka? Na ce yunwa ce ta ɓace hanyar gidana. Ba ta yi dariya ba. Halin uwarta sak.

Litinin, 18 ga Maris
Na cika aljihu da noti da sifana, na ɗirki ruwa har cikina na ƙugi. Na koma na hau ma'auninsu, nauyi ya kai! Ina saukowa sifana ta faɗi ƙwal a kan tayil, kowa ya juyo. Sarkin Allura ta tsince ta, ta ce a hankali, "Baba, jakar ruwan jinin nan jikin wani za ta shiga. Ka san abin da za ka ba shi?"
Na fizge sifanata na fito. Na ji kunya, amma haushi ya fi.

Talata, 19 ga Maris
Yarinya sai baki. Jikin wani, wai.
Ƙanena ma ai wani ne.

Laraba, 27 ga Maris
Mun je wurin likita ni da 'yata. Ba don maganar kowa ba, gareji ne ba aiki. Kafin in hau ma'auni na juye aljihuna a tebur, har makulli. Abin da ya nuna, ya nuna. Sun ɗebi jini 'yar kwalba, sakamako sai mako mai zuwa. 'Yata ta riƙe min hannu, na ƙyale ta.
Na hagu na miƙa musu. Na ce kada wanda ya taɓa na dama, jijiyar nan da masu ita.