Jimlar farko ta 'yata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe min da ita sosai.

Ni lafiya lau, sai ɗan rashin barci, amma kada Inna ta ji. Wannan zangon ginin jimlar Turanci muke karanta. Malaminmu yakan rubuta jimla a allo, mu raba ta biyu: yankin suna, wato wanda ake magana a kansa, da yankin aiki, abin da ya yi. Kowane yanki mu sake tsaga shi, har allon ya cika da rassa kamar bishiya.

Jiya ya ce yaro ba a allo yake koyon haɗa kalmomi ba, a bakin wanda yake tare da shi kullum yake tsinta. Kowa ya duƙa yana rubutawa, ni kuwa na kasa. Saƙon muryar da kika turo na tuna. Yarinyar da na bar miki tana gwaranci, ga ta tana cewa, "Umma, ba ni ruwa." Na ji kin yi maza kin ce, "Ba ni ce Umma ba, Umma tana makaranta."

Yaya, ba wanda ya koro ni, ni na zaɓi tahowa. Ina nan ina farfasa jimlolin mutane, ta 'yata ta farko kuwa a kunnenki ta sauka.

Roƙona ɗaya: ki daina gyara mata. Ki bar ta ta kira wadda za ta miƙa mata ruwan.

Allah Ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki