Ranar da Na Yabi Ɗan Fari da Turanci

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya gida, ya aiki, ya sanyin can? Ina fatan maigida da yara suna lafiya. Mu nan Dutse lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, na ci jarrabawar maganar Turancin nan! Sai yanzu abinci ke shiga cikina. Saura biza, in biyo ki aikin jinya.

Amma da ƙyar na sha. Ina zama, mai jarrabawar ta ce in ba ta labarin ɗana na fari, da sunansa. Ni da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barina na kira shi ba, sai dai "yaron nan"! Na sunkuyar da kai, ta ɗauka Turancin ne ya ƙare. Can na ce a raina, ai babu ɗan garinmu Miga a ɗakin nan. Na faɗi sunan, na yi ta yabonsa har ta ce ya isa. Ina fitowa na fashe da kuka.

Ki gai da kowa, a sa mu a addu'a. Don Allah kada Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Rabi